Muryar Mai Wankan Gawa

A unguwarsu a Babura, in mace ta rasu, kafin a aika wa liman an aika wa Halima Sa'adiyya. Ita ce mai wankan gawar mata. Sai ka gan ta ta fito da hijabinta ruwan toka, 'yar jaka a hannu da ganyen magarya da kafur a ciki, ba ta sauri ba ta nawa. Ta shiga ɗakin, ta sa a saki labule, ta yi abin da ya kawo ta, ta fito. Ko uwar mamaciyar ce ta tare ta da tambaya, amsarta ba ta sauyawa: "Ta yi kyau. Allah ya ji ƙanta." Ba a taɓa jin ƙari a kan haka daga bakinta ba.

Gwaggonta Dela, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, ita ta koya mata aikin, ta kuma bar mata shi da gwiwoyinta suka gaza. Ran da ta miƙa mata jakar, sai ta tura ƙofa, ta juya baya, ta sauke zanenta. Wani faffaɗan tabo ne fari-fari daga kafaɗa zuwa ƙugu, ragowar kuturtar da aka yi mata magani tun tana budurwa ta warke sarai. Ban da mijinta marigayi, babu mahalukin da ya taɓa ganin bayan nan.

"Kin gani ko?" in ji Dela. "In na mutu ke za ki wanke ni. Ke kaɗai. Kada ki bari wani ido ya sauka a nan."

Sa'adiyya ta ce ta ɗauki alkawari.

To, wannan riƙon baki nata shi mijinta Zaharadeen ya duba ya ga ya yi masa. Ma'aikacin gwamnati ne, mai fara'a, mai gugaggen kaya, kuma yana cikin wasu mutane da ke aiki a ɓoye don gano masu yaudarar samarin yankin suna tsallakar da su iyaka zuwa wajen mutanen daji. Abin ba wasa ba ne. Ashiru, ɗan maƙwabciyarsu, ya fita sayen taki da damina, bai dawo ba, uwarsa ta yi kuka har idonta ya fara ba ta matsala.

Wata rana bayan la'asar ya shigo ya tarar da ita tana shara.

"Sa'adiyya, ajiye tsintsiyar nan, magana za mu yi."

Ya ce masu yaudarar nan suna da wani guruf, wato zauren hira na mata a waya, ta nan ake shirya komai, ta nan ake sanin yaron da za a ɗauka da ranar da za a ɗauke shi. Sun yi ƙoƙarin shiga da rubutu, an ƙi su. Murya ake so, ta mace, kuma 'yar yankin.

"Malam, ni me na sani a cikin wannan?"

"Ba sai kin sani ba. Ni zan faɗa, ke ki maimaita. Ba suna, ba hoto. Wasu mata ne can ƙetare za su ji, shi ke nan an wuce wurin. Ki tuna da uwar Ashiru."

Ta tuna da ita kuwa. Ya sa ta yi alwala, ya ɗauko Alƙur'ani, ta dafa, ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ya ce ba don bai yarda da ita ba ne, ƙa'idar aikin ce. Sannan ya kanga mata wayar a baki ya fara faɗa tana bi. Na farko gaisuwa ce da yabon mutanen. Da ya zo wani wuri sai ta tsaya cak.

"Faɗi mana," ya ce. "Mutanen garin nan sun bar addini. Wanda ya mutu a cikinsu mushe ne, bai cancanci wanka ba, bai cancanci salla ba. Ni da hannuna nake wanke matansu, kuma na tuba."

"Haba Malam! Wannan kam bakina ba zai iya ba."

"Ai ita ce maganar. Mai wankan gawa ta faɗi haka, wa zai yi shakkarta? Allah ya san zuciyarki. Ceton rai fa za ki yi."

Ta faɗa muryarta na rawa, ya goge. Ta sake, ya goge, wai za a gane tsoro. Haka ya yi ta sa ta maimaitawa har rawar ta fita, maganar ta fito sumul kamar daga zuciyarta. Ya ce madalla, ya sa wayar a aljihu, ya tafi masallaci. Ita kuwa ta zauna a bakin rijiya tana kurkure baki.

Kai, wani wayon sai maza! Mutumin da bai taɓa shiga cikin gida ranar makoki ba, shi ne yake ganin in babu suna ba a gane murya. Ina matar da ba ta san muryar Sa'adiyya ba a unguwar nan? Ita ce muryar da ke cewa "miƙo ruwa" ta bayan labule a ranar da mace ba za ta taɓa mantawa da ita ba. Kuma masu wankan gawar mata nawa ne a wajen? Mutanen dajin ma da suka ji saƙon, daɗinsa ya kashe su, ba su ɓoye shi ba. Suka yi ta tura shi waya zuwa waya a matsayin wa'azi, ya tsallako iyaka tare da 'yan kasuwar hatsi, ya dawo gida.

Ita ce ta ƙarshen sani. Wata safiya ta ji kururuwa daga gidan da ke bayansu, ta san an yi rashi. Ta ɗaura hijabi, ta ɗauko jakarta, ta zauna a tsakar gida tana jiran aike. Ta jira har rana ta take. Can sai ta ji wucewar maza da makara.

Ta ce ko mantuwa ce ta ruɗewa. Ta tafi gaisuwa. Tana sallama ɗakin ya yi tsit, ba wadda ta amsa. Matar da ke kusa da ƙofa ta janye ƙafarta, ta janye tabarmar ma. Sai wata mata ta miƙe daga lungu, wadda Sa'adiyya ta wanke wa 'ya bara, yarinyar da ta rasu wajen haihuwar fari. Ta matso da waya a hannu, ta danna. Muryar Sa'adiyya ta cika ɗakin, sumul, babu rawa.

"Ki dube ni," in ji matar. "'Yata ce mushe? Kin fito kin ce mini ta yi kyau. Kin riƙe hannuna kin ce ta yi kyau! Ashe ƙyamarta kike yi kina wanke ta?"

Sa'adiyya ta buɗe baki. Tafin hannunta na dama, wanda ya dafa Alƙur'ani, ya yi mata nauyi. Ta rufe bakin, ta nemi takalmanta, ta fito.

Da Zaharadeen ya dawo ta faɗa masa tana kuka. Ya yi salati, ya ce wallahi bai zaci haka ba. Sannan fuskarsa ta ɗan saki.

"Amma kin san wani abu? Wannan ma alheri ne. Yanzu ko da sun aiko a bincika, za su tarar gari ya juya miki baya. Sun yarda da mu ke nan ɗari bisa ɗari. Ki daure, ɗan lokaci ne."

Ɗan lokacin ya yi ta miƙewa. Mai markaɗe ta ce injinta ya lalace, alhali ana jin ƙararsa daga zaure. Aka yi suna a gidan ƙawarta ta ƙuruciya, goron gayyata ya tsallake ƙofarta. 'Yarta Nafisat ta dawo daga Islamiyya da hijabi a yage, ta ce ba za ta koma ba, ta kuma daina haɗa ido da uwarta. Wannan ya fi komai ci wa Sa'adiyya rai. Ta rame, wuyanta ya fito, ta koma cin tuwo kamar magani. Duk sanda aka yi rasuwar mace sai ta ɗauko jakar ta riƙe a cinya, ba don tana sa ran aike ba, hannunta ne ya saba. Wata mata da ake kira Amarya, duk da tana da jikoki, ita ta karɓi aikin. Amarya ba muguwa ba ce, sai dai abin da idonta ya gani da safe, kafin azahar yana bakin rijiya.

Zaharadeen kuwa bai fasa zuwa da wayar ba. "Ɗan gajere ne yau. Ki ce kina gaishe su, kin ji daɗin karatun jiya." In ta yi gardama sai ya ce, "Yanzu da muka zo tsakiya za ki janye? In suka ji shiru za su gane, kuma kin san abin da suke yi wa wanda suka gane."

Bayan kaka aikin ya yi kyau. Ranar kasuwa aka kama mutanen a wajen kara, kasuwar shanu, aka tare wata mota da samari a ciki kafin ta kai iyaka. Ba a jima ba aka dawo da wasu daga can, har da Ashiru, ya rame ya yi baƙi amma da ransa. Unguwa ta ɗauki guɗa. Sa'adiyya ta ji daga ɗakinta ta yi sujada, hawaye na zuba, ta ce Alhamdu lillahi, ta ƙare. Washegari ta leƙa ta katanga don ta yi wa uwar Ashiru barka. Matar ta dube ta, ta tofar da yawu, ta ce, "Allah ya fi ku. Ga ɗana ya dawo, sai ku mutu."

"Malam, yanzu sai ka faɗa musu," ta ce da mijinta.

"Ba duka aka kama ba. In aka ji ni ne, kwana nawa zan ƙara? Kina so Nafisat ta zama marainiya?"

"To ka faɗa wa liman kaɗai."

"Liman yana da mata."

"Baffa Halliru fa, ƙanin Gwaggo? Shi kaɗai. Saboda Gwaggo, ga ta kwance ba lafiya."

"Baffanki da ba ya iya riƙe zancen kuɗin akuya? Ki bari ƙura ta lafa. Mutane mantuwa gare su."

Tsoronsa gaskiya ne, ba za a ce ƙarya yake ba. Amma akwai abin da bai faɗa ba. Manyansa sun yaba masa a ɓoye, har ana maganar za a mayar da shi Kazaure a kujera mai ɗan tsawo. A gari kuma ya zama abin tausayi. In ya wuce majalisa sai a ce, "Bawan Allah, yana haƙuri da jarabar da ke gidansa. Wani da tuni ya kore ta." Ya kan sunkuyar da kai ya ce a taya shi da addu'a. Ya saba da wannan rigar, ta kuma yi masa daidai.

Gida ɗaya ne ba a rufe mata ƙofa ba, gidan Gwaggo Dela. Tsohuwar ta kwanta ciwo, ƙafafu sun kumbura. Sa'adiyya ke zuwa da hantsi ta dama mata kunu, ta rufe ɗaki ta goge mata jiki. Wata rana tana shafa mata man zafi a baya sai Dela ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"An kunna mini abin nan. Muryarki ce?"

"Tawa ce, Gwaggo."

Dela ta jira. Sa'adiyya ta ci gaba da shafa man.

"Rantsuwa aka sa ki?"

Hannun ya tsaya. Hawaye ya ɗiga a kan farin tabon.

"To riƙe abinki, ban tambaye ki ba. Ni na raini bakin nan, na san abin da zai iya faɗa da kansa. Na gaya wa Halliru ke za ki wanke ni. Likkafanina yana ƙasan adaka, kin san wurin."

Ranar Sa'adiyya ta durƙusa a gaban mijinta, abin da ba ta taɓa yi ba sai a gaisuwa. Ta ce ba don kanta ba, ta haƙura da kanta. Roƙonta shi ne ya faɗa wa Baffa kalma ɗaya tak kafin ta Allah ta kasance a kan Gwaggo.

"Gwaggo ai da sauranta," ya ce. "Tsofaffin nan ƙarfi gare su. Kada ki yi mata fatan mutuwa."

Da sanyin safiyar wata Laraba Dela ta cika. Ba a aiko wa Sa'adiyya ba, a bakin yaran da ke wucewa ta ji. Ta fizgi jakarta ta fita ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta ratsa mazan da suka fara taruwa a ƙofar gida, mijinta a cikinsu ya riga ta isa, yana zaune kusa da liman. Ta shiga. An ɗora ruwa a murhu, Amarya tana naɗe hannun riga. Mata suka tashi suka tsaya a ƙofar ɗakin.

"Ku ba ni hanya. Wasiyya ta bar mini."

"Ki wanke ta ki fito ki ce mushe ce?" in ji wata.

Aka kira Baffa Halliru, ƙanin marigayiyar. Ya shigo yana share ido da bakin rawani.

"Sa'adiyya, gaskiya ne Yaya ta faɗa mini. Amma mutane sun ce gawar da kika taɓa ba za su sallace ta ba. In bar 'yar'uwata ba salla? Ki yi haƙuri, ki koma gefe."

Ta dubi labulen. Ta dubi Amarya, da idanunta masu yawo. Abin da ta haɗiye tun damina ya taso mata gaba ɗaya.

"Baffa, wallahi ba maganata ba ce! Malam ne ya faɗa na maimaita. Aikinsu ne na kama mutanen nan, da muryata suka shiga cikinsu, da ita aka dawo da Ashiru. Ya sa na dafa Alƙur'ani. Ga shi can a waje, a kira shi a tambaye shi!"

Baffa ya fita da kansa, ya dawo da Zaharadeen har bakin zaure, mazan da suka ji hayaniya suna leƙe ta bayansa. Baffa ya maimaita masa abin da ta ce. Sa'adiyya ta zuba masa ido. Ba ta roƙe shi da baki ba, ta gama roƙo. Ya dubi taron, ya dubi ƙasa, ya gyara hularsa.

"Baffa, ku yi mata uzuri," ya ce a hankali. "Tun da abin nan ya same ta ba ta cika zama cikin hayyacinta ba. Ga kuma zafin rashi. Addu'a take buƙata."

Wani daga baya ya ce, "Allah sarki, bawan Allah." Wata ta ce, "Ji sharri, har mijin ba ta bari ba."

Amarya ta ɗauki ƙwarya ta shiga, aka saki labule. Sa'adiyya ta sulale ta zauna a ƙasa, jikin bango, jakar a ƙirjinta. Tana jin komai, ta san kowane motsi. Ga zubar ruwan farko. Ga alwala. Yanzu za a juya ta a kan gefen hagu don a wanke dama. Ta runtse ido.

"Subhanallahi!" Muryar Amarya ta fito ta cikin labulen. "Ke, zo ki gani."

Ba a yi sadakar uku ba sai da zancen ya gama unguwa. Ashe Dela kuturwa ce. Matan da suka sha furarta shekara da shekaru suka yi ta tofar da yawu. Aka fitar da tabarmarta da ƙorenta bayan gida aka cinna musu wuta. Waɗanda ta wanke wa iyaye suka ce shi ya sa, ai gidan ne duka da abin ɓoye. Matar da ta yi rayuwarta tana rufe asirin matattun mutane, nata bai kai kabari a rufe ba.

An ceci yara, wannan ba mai musu. Ashiru yana nan yana noma, iyaye da yawa sun yi barci. Waɗanda suka yi aikin suna cewa mugu ba a kama shi da hannu tsarkakakke, dole wani ya shiga cikin ƙazanta. To, mun ji. Amma wa aka tura ciki? Zaharadeen bai ba da muryarsa ba, bai ba da sunansa ba, ko gaisuwar mutum ɗaya bai rasa ba. Ya shiga ɗakinsa ya ɗauki abin da ba nasa ba ya bayar, don ya tarar da shi a kusa kuma ya san mai shi ba za ta yi ƙara ba. Ya sa mata maganar da ba tata ba a baki, ya kulle tata ta gaskiya da rantsuwa. Mutanen daji ma abin da suke yi wa mutane ke nan, sai dai su ba sa dawowa gida su ce a kawo musu abinci.

Ran da aka share makoki ya shigo da yamma, ya tarar da ita a tsakar gida. Ta zazzage jakar a faifai, ganyen magaryar ya bushe ya zama gari, tana kallonsa. Ya ja kujera ya zauna, ya yi gyaran murya. Ya ce takardar Kazaure ta fito, can ba wanda ya san ta, za ta huta. Ba ta ɗago ba. Sannan ya ce, da muryar nan tasa mai taushi:

"Af, kuma kin san kin karya rantsuwa ran nan. Ba na so abin ya zauna a wuyanki. Sai ki yi kaffara."

Sai a lokacin ta dube shi. Babu kuka a idonta, ya ƙare.

"Na riga na fara, Malam, yau ma da azumi nake," ta ce. "Tawa dai tana da kaffara."

Aka kira magariba, ya tashi ya ɗauki buta.